An Yi Ruwa, Ina Kwanonmu?

Mu nan Mahuta ba mu da sanƙiran da ke zagaya gari yana shelar damina ta ƙarato. Shamuwa ce ke kawo mana tsegumin. Ranar da aka ga ta sauka kan doguwar bishiyar bakin unguwa tana jan ƙirare, sai ka ji magana na tsallake katanga.

"Inna, kin ga baƙuwarki?"

"Na gan ta tun shekaranjiya, 'yar nan. Ai ita ba ta ƙarya, sai dai ta yi sammako."

To daga nan fa sai jira. Watan Afrilu ke nan, bazara ta kai inda take kaiwa, rana ba sukuni, dare ba barci, kowa ya baje tabarma tsakar gida yana fifita da faifai. Hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi ƙirin har kaji su shige akurki, a kwashe shanya a guje, a jera bokitai da robobi ƙarƙashin indararo. Sai ya ɓige da iska, ya zuba mana ƙasa a miya, ya wuce abinsa wajen Koko. A mayar da bokitai. Gobe ma haka.

Ita kuwa miyar da aka zuba wa ƙasar ba abar da za a yi wa kuka ba ce, don ita kanta kuka ce. Tun ƙarshen kaka muke kan busasshe. Yau kuka, gobe busasshiyar kuɓewa, jibi karkashi, gata a haɗa kuka da kuɓewa a ce wa maigida an canza miya. Ba wai babu ɗanyen ganye a kasuwa da rani ba, masu lambu na kawo alayyahu da salak daga fadama. Amma wannan ganyen kuɗi ne, ƙulli-ƙulli ake sayar da shi kamar magani, kuma gidan da ke da baki goma sha biyar ba ya cika tukunya da ƙulli. Wanda muke jira shi ne wanda ba a ciniki, wanda Allah ke shimfiɗa mana a bayan gida.

Sai rannan a yi ruwan gaske. Ba yayyafin da ke ruɗin mai garaje ya fita da iri ya yi asara ba, ruwan da in ka haƙa ƙasa kamu guda za ka tarar da laima. Ƙamshin ƙasar nan ya cika gari, tsofaffi na hamdala, yara su tuɓe su faɗa ciki, iyaye na yi musu faɗa suna dariya. Da dare kuma ga shinge. Wanda bai taɓa ganin yaran unguwarmu sun haɗa kai sun yi aiki ba tare da an aike su ba, ya zo daren da shinge ya fito. Duk inda haske yake an kewaye shi, an ajiye kwano da ruwa a ƙasa, ana kaɗo su da tsintsiya. Da can aci-balbal ce da fitilar ƙwai, yanzu 'yar sola ce ko tocilar waya. Shi dai shinge bai san an ci gaba ba, haske kawai yake bi. Da safe a soya shi a kasko ba mai, don da mansa ya zo, a barbaɗa gishiri, a sheƙe fukafukan. Naman farko ke nan a shekara da mahauci bai san da zamansa ba. Akwai masu yamutsa fuska su ce su ba sa cin ƙwaro. Mun ji. Mu dai mun lura kaskon ba ya kwana da komai.

Itatuwa kan riga ƙasa farkawa. Kukar da ta kwashe rani tsirara, kamar an tumɓuke ta an kife saiwoyi a sama, ita ce ke fara toho tun ruwa bai zauna ba, kuma wanda bai sha miyar ɗanyar kuka ba bai san kuka ba, garinta kawai ya sani. Zogalen jikin danga ya sake sabon gashi. Ɗinya ta yi toho, a tsinko shi a dafa, ɗinkin ke nan. Ɗorawa ta riga ta nuna tun bazara, yara duk bakinsu rawaya, mata sun tara kalwar daddawa. Sannan ka wayi gari ka ga juji da bakin hanya da kangon da aka daina shiga sun yi kore shar. Uwar gayya ta iso. Tafasa.

Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya ba ta taki. Akuya ma da ba ta raina komai, takarda ta ci, sabulu ta ɗanɗana, in ta zo kan ɗanyar tafasa sai ta shinshina ta wuce. Da magariba ta naɗe ganyenta ta kwanta kamar mutum, da safe ta buɗe. Tana kai tsawon tafin hannu ake fara tsinka, kan kawai, lallausan. Makonnin farkon nan su ne nata. In ta tsufa ta yi fure ta ɗaure 'ya'ya, ganyen ya yi tauri, sai dai a ce an ci don babu.

Yadda ake sarrafa ta ba wani asiri ba ne, amma kada ka faɗi haka gaban Gwaggo, dattijuwar unguwarmu. A tsince, a wanke ƙasa sau biyu sau uku, a dafa har ta yi laushi warin nan nata ya fita, a tsiyaye ruwan, a matse ta dunƙule-dunƙule. A daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a ɗiga man gyaɗa in da hali, a cuɗa da hannu. Shi ke nan. Sai dai a kan wannan "shi ke nan" ɗin an kwashe shekaru ana ka-ce-na-ce a unguwarmu.

Sunan ma kansa rigima ne. Wannan ta ce kwaɗo, waccan ta ce ɗatu, ya danganta da inda uwar mutum ta fito. Mahuta gari ne na kan hanya, titin da ya taso daga Koko ya ratsa mu ya nufi Dabai da Zuru, kuma tun da aka mai da garin hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a 1996 ma'aikata ke zuwa da iyalansu daga ko'ina. Ta wajen Sakkwato da Argungu ta ce sure, ta wajen Kano ta ce yakuwa, ganye ɗaya. Wata ta ce lalo, wata ta ce turgunuwa. Ga Fakkawa masu ƙasa, ga Dakarkari, ga Fulani, kowa da sunan da kakarsa ke kiran ganyen da harshensu, sai an zo kasuwa a haɗu a Hausa. An taɓa aiken wani yaro ya sayo sure, ya zagaya kasuwa kaf ya dawo ya ce babu, yakuwa ce kawai ta cika wuri.

Babbar shari'ar kuwa ta taso ne shekarar da aka kawo wa maƙwabcinmu amarya daga Birnin Kebbi. Yarinya mai kirki, mai hannu a girki, ba mai musun wannan. Ruwa na sauka ta ce ita ma za ta yi nata kwaɗon a aika wa manya. Ta dafa zogale sama-sama yana nan da korensa, ta yanka tumatir da kokwamba, ta murmusa dunƙule biyu, har da dafaffen ƙwai a kai. Gwaggo ta buɗe kwano, ta duba, ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa.

"Amarya, Allah ya yi albarka. Da daɗi, ban ce ba daɗi ba. Amma wannan ai salak ne na 'yan boko. Ganyen ma bai san ya shiga tukunya ba."

"Gwaggo, ai a wajen awo aka ce mana kada mu dafe ganye ya mutu, kuma kada mu zubar da ruwan. Wai amfanin cikin ruwan yake tafiya."

"Ɗiyata, 'ya'ya tara na haifa da ruwan da na zubar."

Aka kwashe da dariya, har ita amaryar. In ka tambaye ni, kowace da gaskiyarta. Zogale da alayyahu ba su yi laifin da za a dafa su har su koma baƙi ba, kuma abin da ma'aikatan lafiya ke faɗi ba tatsuniya ba ce, doguwar dahuwa da zubar da ruwa na rage amfanin ganye. Amma tafasa da rama da gasaya ba zogale ba ne. Wadda ba ta zubar da ruwan rama ba za ta kashe wa gidanta haƙora da tsami. Gasaya in ba a rage mata ɗaci ba, yaro zai ɗauka horo ake yi masa. Tafasa kuwa in ba ta dahu ba, ba sai na faɗa ba, hanyar bayan gida za ta sha sawu. Amaryar ta gane haka da kanta a damina ta biyu, ba wanda ya ce mata kanzil. Gwaggo kuma yanzu tana yanka tumatir a kwaɗon zogalenta, sai dai ta ce wai jikokinta ne ke so.

Na lalo kuma wani karatu ne daban. Ɗan tsinken kanwa ake sa masa don ya yi yauƙi, a burge da maburgi. Kanwa ta yi kaɗan, miya ta tsinke. Ta yi yawa, a ce kin dafa sabulu. Ba ma'auni, sai hannu. Duk matar da ta iya ta san ta iya, kuma ta tabbatar unguwa ta sani.

Abin da ba a taɓa jayayya a kansa ba shi ne kwano. Kwaɗon farko ba a cinye shi a gida ɗaya. A zuba, a rufe da faifai, a miƙa wa yaro: kai wa Inna, kai gidan Malam, kai wa mai jego. Wani ma ba sai an bi ta ƙofa ba, ta kan katanga ake miƙawa. Kwanon nan ba ya tambayar ko masallaci mutum ke zuwa ko coci, kuma ba ya tambayar yaren da ake yi a gidan. Doka ɗaya gare shi, ba ya dawowa wayam. Ko mangwaro uku ne, ko ɗan garin ɗorawa, ko kaɗanya in ta fara zuba, a dai sa wani abu. Wadda ta wanke kwano ta mayar haka nan, ba wanda zai ce mata komai, amma kafin la'asar an san da maganar har bakin rijiya.

Ɗan aike kuma yana da harajinsa, wannan tun kaka da kakanni. Yatsa biyu a lungu, a shafe wurin ya koma sumul. Shi ya sa Gwaggo ke zana kan kwaɗonta da gindin cokali kafin ta rufe, ta kuma kwaɗa wa mai karɓa kira ta kan katanga ta ce layi uku ta yi. Jikanta, wanda take kira maigida, ya koyi zanen tun yana ɗan shekara bakwai.

Maza kuwa, Allah ya shirye mu. A majalisa duk masu cin nama ne. Ƙasar Zuru ba ta rasa tsohon soja, kusan kowace unguwa da nata, mu ma muna da namu. Duk shekara in kwanuka suka fara yawo sai ya gyara zama ya ce, "Ni da na ci naman gwangwani a Laberiya zan dawo ina kiwo kamar tunkiya?" Yara na kiransa Gawo a bayan idonsa, don gawo ne itacen da ke kakkaɓe ganye lokacin da kowa ke yin kore. Amma matarsa ta ce kwanon da ake shigar masa da shi ɗaki ba ya bukatar wanki in ya fito.

Wanda ke ƙure shi wani dattijo ne Badakkare da ke zama ƙarshen layi. Shi ya yi golmo, irin noman da samarin Dakarkari kan yi wa surukai shekara da shekaru kafin a ba su mata. Ya ce nasa shekara bakwai ne cur, kuma a duk shekarun nan bai tuna ranar da aka kai musu nama gona ba. Tuwon dawa ne da miyar ganye, da shi suka ta da kunya tun safe har rana ta karkata. "Kai gwamnati ta ciyar da kai ka riƙe bindiga," in ji shi, "ni rama ta ciyar da ni na riƙe garma, har na samu mata." Tsohuwarsa na daga zaure ta ce, "Da na san a rama aka saye ni, da na ce a ƙara shekara uku."

Ana dariya, amma dattijon ya taɓo inda maganar take. Ruwa na sauka ne daidai lokacin da rumbu ya kusa nuna gindinsa. Daga shuka zuwa noman farko zuwa maimai, aiki ya fi kowane lokaci nauyi, hatsi ya fi kowane lokaci tsada, sabo kuma sai kaka. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mu a waɗannan watanni tuwon ne ke ƙarewa, miyar ke rufa asiri. Tsakin da ba zai ishi mutum biyar ba, a cuɗa shi da rama cike da kwarya a turara dambu, ya ishi goma. A dama fate da sure da alayyahu, yaro ya sha ya kwanta bai san an yi dabara ba. Tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa dariya in ana raina ganye. Maƙwabtanmu na Nijar, a yunwar 2005, har anza suka koma ci, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Ko lokacin da aka cire tallafin man fetur ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin komai ya haura, gidaje nawa ne da suka daina tsinkar tafasa don kada a ce da su 'yan ƙauye suka koma neman ta da sassafe, kafin mutane su fito?

Ni abin da ke ba ni mamaki, bayan girbi ana yin Uhola a Zuru, ga kiɗa ga rawa ga manyan baƙi, ana gode wa Allah da abin da aka samu. Daidai ne. Amma ganyen da ya riƙe mutane har suka kai ga girbin, ko guɗa ɗaya ba a taɓa yi masa ba.

Malamin firamaren da ke haya a gidan kusurwa shi ke ɗaga mana daraja in an fara wannan hira. Ya ce a Sudan da Chadi wannan tafasar da muke takawa, daka ta suke yi su rufe a tukunya su binne har ta ruɓa, su busar, su kira ta kawal, tana tsaya musu a madadin nama a miya, kamar dai yadda muke yi da kalwa. Ya ce lalo shi ne mulukiyar da Misirawa ke ji da ita, shi ne kuma ewedun Yarabawa. Zogale ma baƙo ne, daga Indiya ya taso, ya daɗe har ya zama ɗan gida. Har 'ya'yan tafasa, in ji shi, ana saye a buhuna a fita da su ƙasashen Asiya. Gwaggo ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "To Malam, su Misirawan suna sa kanwa?" Ya ce bai bincika ba. Ta ce ya bincika.

Sai dai 'yan shekarun nan wata sabuwar tambaya ta shigo da ba a san ta da can ba. Kafin a karɓi ganye a hannun yarinya sai an ce, "A ina kika tsinko? Ba a yi feshi ba?" Maganin ciyawa ya sauƙaƙa wa manoma aiki, wannan ba musu, wanda ya taɓa duƙawa da fartanya ba zai zage shi ba. Amma shi bai san tafasa ba, bai san gasaya ba, bai san lalon da ke fitowa da kansa tsakanin kunya ba, duk ciyawa ce a wurinsa. Gefen gonar da uwayenmu ke cika zane da ganye kan hanyar dawowa, yanzu sai ka tarar ya ƙone ƙurmus. Wanda aka fesa da safe kuma bai riga ya nuna alama ba, shi ne abin tsoron. Ga shi daji ba shiguwa yake yi kamar da ba, kowa ya san halin da ƙasar nan ke ciki, ba mai barin 'yarsa ta yi nisa don ɗinkin. Saboda haka mata suka dawo da gonar cikin gida. Bayan ɗaki rama, jikin danga sure, inda ake zubar da ruwan wanke-wanke alayyahu, tsohon bahon da ya huje an cika shi da ƙasa an watsa lalo. Yanzu faɗan unguwa ba na yara ba ne, na kaji ne da awaki.

A 2025 Babbar Sallah ta faɗo farkon watan Yuni, daidai lokacin da ganye ke ganiyarsa. Kwana biyu ba wanda ya waiwayi tafasa. Ko'ina ƙauri, ko'ina suya, tsohon sojanmu ya yanka ragonsa ya zauna ƙofar gida yana sakace, yana tambayar masu wucewa ina 'yan ciyawa suka shiga. Rana ta uku da hantsi sai ga jikansa ya yi sallama gidan Gwaggo da kwano a bayansa, yana sunkuyar da kai.

"Gwaggo, wai in ji Baba yana gaishe ki. Wai in da sauran miyar sure, ko kwaɗo, ko mene ne dai mai ɗan tsami. Wai maiƙo ya tsaya masa a wuya."

"Wane Baban? Na Laberiya?"

"Shi."

"Ka ce masa tunkiya ba ta riga ta dawo daga kiwo ba."

Yaro ya juya zai fita, ta ce ya dawo, ashe shi ma bai san wasa ba kamar kakansa. Ta karɓi kwanon, ta ga an sako soyayyen nama a ciki, ta juye. Ta cika shi da kwaɗon tafasa, ta danna, ta ƙara. Sannan ta ɗauko cokali ta ja layi uku a kai, ta rufe da faifai, ta miƙa masa tana kallon yatsunsa.